Kular Koko da Tsoka Ɗaya: Yadda Fahimtar Laifi Ke Girma a Zuciyar Yaro

Wata Asabar da safe na biya gidan Addata a Pantami, na tarar tana suyar ƙosai ga goyo a baya. 'Yarta mai shekara bakwai ta ga uwar ta rasa hannun da za ta yi wani abu, sai ta ce bari ta kai koko kan tabarma. Kula ce babba, ta fi ƙarfinta. Ta rungumo ta da hannu biyu, zani ya harɗe mata ƙafa, koko ya malale daga bakin madafa har gindin randa. Adda ta ajiye matsami ta ɗirka mata dundu biyu masu kyau. Ana cikin wannan hayaniya wanta mai shekara goma sha ɗaya ya lallaɓa ya buɗe kwanon da aka rufe wa maigidan, ya ɗauke tsoka ɗaya ya jefa a baki. Uwar ta gan shi sarai. Abin da ta ce kawai shi ne, "Kai dai ba ka da hali," ta koma kan kaskonta.

Da ƙura ta lafa na jawo ƙanwarsu da ake ce wa Auta, wadda ba ta cika shekara biyar ba, na ce, "Auta, tsakanin Adda da Hamma wa ya fi laifi?" Ina nufin yayarta da wanta. Ko numfashi ba ta ja ba ta ce, "Adda mana, Kawu. Ita ta zubar duka. Hamma ɗaya ya ɗauka." Na juya na tambayi mai satar naman da kansa. Ya sunkuyar da kai, can ya ce, "Kawu, ai ita ba da gangan ta yi ba."

Shekara shida ce tsakanin waɗannan amsoshi biyu, kuma duk wanda ya zauna ajin ilimin halayyar yara a kwalejin horar da malamai, irin tamu ta nan Gombe ko ta Azare, zai ji kamar ya taɓa jin labarin. Wani masani ɗan Suwizalan, Jean Piaget, wanda a aji muke kira Piyaje, ya yi wa yara irin wannan tambaya, ya fitar da sakamakon a littafi a 1932. Yakan ba su labarin yara biyu. Ɗaya an kira shi cin abinci, ya turo ƙofa bai san akwai tire a bayanta ba, ya fasa kofuna 15. Ɗayan kuwa uwarsa ba ta nan, ya hau kujera zai saci abin zaƙi, ya ture kofi ɗaya ya fashe. Ƙanana suka riƙa cewa mai kofi 15 ya fi laifi. Sai wajen shekara tara zuwa goma amsar ke juyawa, yaro ya fara tambayar abin da mutum ya nufa kafin ya ƙirga ɓarnar.

Abin da Piyaje ya fahimta shi ne ƙaramin yaro yana ɗaukar doka kamar dutse ne da ya tarar a duniya: manya suka ajiye ta, ba ta motsi, kuma laifi shi ne duk abin da ake dukan mutum a kansa. Har gani yake duniya da kanta tana rama wa doka. Ka ba shi labarin yaron da ya yi sata sannan gada ta karye da shi, zai ce ai satar ce ta karya gadar. Iyayenmu ba su karanta Piyaje ba, amma sun san wannan ƙofar, kuma da ita suka riƙa shiga. Dodo na bayan ɗaki, kada ka zauna a dokin ƙofa, yaron da ke cin ƙwai ɓarawo zai zama. Camfi irin wannan yana aiki ne daidai lokacin da kan yaro ke karɓarsa, ranar da ya yi wayo kuma sai ya zube kamar ganyen kaka.

Kalmar wayo ɗin nan ta cancanci a tsaya a kanta. Bahaushe ya raba yaron da "bai san komai ba" da wanda "ya yi wayo" da wanda "ya yi hankali", kuma ba hukunci ɗaya yake yi musu ba. Malaman fiƙihu suna da tamyizi, wato lokacin da yaro ya fara rarrabewa, sannan balaga, inda ya zama mukallafi. Hadisi ya ce a umarci yara da salla suna da shekara bakwai, a hore su a kanta suna da goma, wani hadisin kuma ya ce an ɗauke alƙalami daga kan yaro har sai ya balaga. Ka lura da tazarar shekara uku tsakanin umarni da horo, shekara uku na tunatarwa ba tare da hukunci ba. Hatta Final Kod, kundin dokokin hukunta laifuka da Arewa ta fara aiki da shi a 1960, a sashe na 50, ya ce abin da yaro ɗan ƙasa da shekara bakwai ya aikata ba laifi ba ne, haka wanda ke tsakanin bakwai da sha biyu muddin hankalinsa bai kai ya gane abin da yake yi da abin da zai haifar ba. Malamin zaure da alƙali da Baturen Suwizalan, kowa ta hanyarsa, sun zo sun tsaya kusan wuri ɗaya.

To me ke ɗaga yaro daga ƙirga kofuna zuwa duba niyya? A nan ne Piyaje ya faɗi abin da iyaye da yawa ba za su so ji ba. Ya ce kaso mai yawa na wannan girma a wurin wasa da tsararraki yake faruwa, inda babu babban da zai yanke hukunci. Ya daɗe yana tsugunawa tare da yara yana kallon yadda suke wasan ƙananan ƙwallayen gilashi, yana tambayarsu wa ya kafa dokar wasan kuma ko ana iya canza ta. Ƙanana suka ce ba ta canzuwa. Manyan cikinsu suka ce ana iya canzawa idan kowa ya yarda.

Ni ma da yamma nakan tsaya a lungunmu na Jekadafari in kalli ƙwallon yara. Ba alƙalin wasa, raga kuma duwatsu biyu ne ko silifa. Rabin lokacin a gardama yake tafiya: ta shiga, ba ta shiga ba, hannu ne, ai ba da gangan ba ne. Mai wucewa zai ce ɓata lokaci suke yi. Amma ka kasa kunne. Za ka ji an ce tunda ɓangare ɗaya sun fi girma, a ba ɗayan ƙarin mutum. Za ka ji an yafe wa ƙaramin cikinsu laifin da ba za a yafe wa babba ba. Mai ƙwallo ya yi fushi ya ɗauke abinsa, gobe kowa ya ƙi kula shi, jibi ya dawo ya fi kowa bin doka. Ba wanda ya yi musu wa'azin adalci. Sun gano cewa in ba a yi shi ba wasan ne zai mutu. Haka langa take, haka 'yar carafke a wurin 'yan mata. Shi ya sa nake jin tsoron gidajen da aka kulle yaro daga makarantar boko sai Islamiyya sai lesin, in ya samu sarari kuma a miƙa masa waya. An tsare shi daga abokan banza, gaskiya ne, amma an kuma hana shi wurin da ake koyon sulhu da wanda ba ya tsoronka kuma ba ka tsoronsa.

Wani Ba'amurke, Lawrence Kohlberg, shi ya ɗora daga inda Piyaje ya tsaya. A binciken digirinsa na uku a Jami'ar Shikago, wanda ya kammala a 1958, ya yi hira da yara maza 72 masu shekara 10 da 13 da 16. Yakan ba su labarin mutumin da matarsa ke bakin mutuwa, ga magani a wurin wani mai haɗa magunguna wanda ya kashe dala 200 amma ya ce sai an ba shi 2,000. Mijin ya yi ta rance, 1,000 ya iya tarawa, ya roƙa a rage masa ko ya biya sauran daga baya, aka ƙi. Sai ya fasa shagon ya ɗauka. Ya kyautu ko bai kyautu ba? Duk wanda ya taɓa tsayawa a gaban kantin magani da takardar likita a hannu da aljihu wayam ya san wannan ba tatsuniya ba ce. Sai dai Kohlberg bai damu da i ko a'a ba. Dalilin yake nema, kuma daga dalilan ya tsara matakai shida a hawa uku.

Bari in sauko da su ƙasa. An aiki yaro sayen magi da naira ɗari biyar, mai shago ya ruɗe ya ba shi canjin dubu, yaron ya koma ya mayar. Kowa zai ce ɗan albarka. Amma tambaye shi don me. Wani zai ce, "In Baba ya ji zai zane ni." Wannan matakin farko ke nan, gudun hukunci. Wani zai ce, "In na mayar zai riƙa ba ni gyara." Na biyu ke nan, ba ni gishiri in ba ka manda. Yawancin yara 'yan ƙasa da shekara tara a waɗannan biyun suke. Wani kuma zai ce, "Kada a ce ɗan gidan wane ɓarawo ne," ko "Mai shagon ya yarda da ni, ina zan sa fuskata?" Wannan ya hau na uku, inda idon mutane da yardarsu suka zama ma'auni. Na huɗu shi ne wanda zai ce haƙƙin mutum ne, kuma in kowa ya riƙa cinye irin wannan kuɗi ba wanda zai iya buɗe shago a unguwa. Kohlberg ya ce akasarin matasa da manya a na uku da na huɗu suke ƙarewa. Hawa na ƙarshe kuwa na wanda ke iya ɗora dokar kanta a kan sikeli ne, ya ce an yi ta ne don kare rai da haƙƙi, in ta koma tana cin su to ita ce abin gyara. Kaɗan ne ke kai wa nan, mataki na shida ma har shi mai tsarin ya sha wuyar samun mutanen da zai nuna a kai.

Yara huɗu, aiki ɗaya, kuɗi ya koma aljihun mai shi. Amma ka kashe fitila ka ga bambanci. Na farko, ranar da ya tabbata Baba ba zai ji ba, kuɗin ya zama nasa. Na uku zai riƙe amana a Gombe inda aka san gidansu, ka kai shi Legas inda ba a san shi ba sai abin da hali ya yi. A ganina wannan ne babban amfanin tsarin Kohlberg ga uba ko malami: yana tilasta maka ka daina auna tarbiyya da abin da ido ya gani kawai. Mu kuwa yawanci da ladabin zahiri muke aunawa. Yaro ya durƙusa ya gaishe ka, bai ɗaga ido ba, an aike shi ya ruga, shi ke nan an ce ya tarbiyyantu. Mai yiwuwa haka ne. Mai yiwuwa kuma ya dai ƙware ne wajen sanin inda bulala take.

Kalmar addini ma ba ta nuna matakin da yaro yake kai tsaye. Yara uku za su ce maka "haram ne", ɗaya yana nufin za a ƙona shi, ɗaya yana nufin Malam zai ji kunyarsa, ɗaya kuma yana nufin akwai wani bawan Allah da za a cuta. Akwai labarin da ake ba yara a Islamiyya na 'yar mai sayar da madara a zamanin Sayyidina Umar, wadda uwarta ta ce ta ƙara ruwa tunda Umar ba ya ganinsu, ita kuwa ta ce in Umar ba ya gani Ubangijin Umar yana gani. A garin da kullum muke cinikin nono da Fulani, labarin ba ya buƙatar fassara. Uwar tana matakin farko duk da shekarunta, 'yar ta wuce ta. Girma na shekaru ba ya ɗaukar mutum ya haurar da shi, shi ya sa za ka ga mai furfura wanda duk tsoron Allahnsa tsoron kamu ne.

Amma kada a ɗauki tsanin Kohlberg kamar saukakke. Carol Gilligan, wadda ta yi aiki tare da shi, ta fito a 1982 ta ce an gina ma'aunin a kan amsoshin maza zalla, kuma yana rage wa mutumin da ke tunani ta fuskar tausayi da kula da dangantaka maki. A 1985 kuma John Snarey ya tattara bincike 45 da aka yi a al'ummomi 27, ya ga matakan farko suna bayyana kusan ko'ina bisa jerinsu, amma hawa na ƙarshe da kyar ake samunsa a wurin mutanen karkara masu rayuwar gargajiya. Ko dai a ce duk dattawan ƙauyukan duniya tunaninsu bai nuna ba, ko a ce mudun ne bai dace da hatsin ba. Ni na fi karkata ga na biyun. Ka ba wani dattijo a Dukku ko Kumo labarin mai satar magani, abin da zai fara tambaya shi ne, ina 'yan'uwan mutumin? Ina maƙwabta, ina mai unguwa, ina masallacin da yake salla? A wurinsa abin kunyar ya faru tun kafin a fasa shago, ranar da aka bar mutum shi kaɗai da mara lafiya. Mai riƙe da takardar maki zai rubuta masa mataki na uku, alhali dattijon ya hango abin da tambayar ba ta hango ba.

Kunya ita ce inda abin ya fi rikitarwa. A 1974 Anthony Kirk-Greene, wanda ya yi aikin mulki a Arewa kafin ya koma koyarwa, ya buga nazari a kan abin da Bahaushe ke nufi da mutumin kirki, ya lissafa gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Fulanin da muke cuɗe da su a nan suna da semteende a cikin pulaaku, wato tsarin ɗabi'unsu na Fulani, ita ma kunyar ce. A tsanin Kohlberg duk wannan zai faɗa ƙarƙashin "me mutane za su ce". Amma kunya iri biyu ce, kuma duk wanda ya girma a cikinmu ya san haka. Akwai ta ido, wadda ke tashi da zarar baƙo ya fita. Akwai kuma wadda ke hana mutum abu shi kaɗai a ɗaki, don ya ɗauki kansa ya fi ƙarfin abin. Ta farko ce ƙofar ta biyu. Matsalar ita ce gidaje da yawa a bakin ƙofar suke tsayawa: "Kada ka ja mana abin faɗa." Yaron da aka raina da wannan jumla kaɗai ya koyi cewa abin faɗan ne matsala. In ya iya yin abin ba tare da an faɗa ba, an rabu lafiya.

Shi ma Piyaje an gano ya raina wa ƙanana hankali. Masu bincike a Jamus sun nuna a 2006 cewa yaro ɗan wata 18, in ya ga abin maƙale shanya ya suɓuce wa babba yana miƙa hannu bai kai ba, zai taso ya ɗauko masa ba tare da an roƙe shi ba, amma in da gangan mutumin ya yar, ba ya kulawa. Ashe tun kafin yaye yana ɗan karanta niyya. Elliot Turiel da abokan aikinsa kuma sun nuna yara tun suna shekara uku zuwa huɗu suna raba laifin cutar da wani da laifin saɓa al'ada, kuma a 1986 an buga irin wannan bincike da aka yi a kan yaran Ijo a kudancin Najeriya. Gwada da kanka. Tambayi yaro, in Malam ya ce an yarda a zo makaranta ba yunifom, ya halatta? Zai ce i. In Malam ya ce an yarda ka mari ƙaninka ka ƙwace biredinsa fa? Zai yi turus ya ce a'a, ai zai yi kuka. Tausayin yana nan tun farko, harshen bayyana shi ne ke zuwa a hankali.

Saura maganar duka, wadda na san a kanta za a fi yi mini ca. Ba zan ce ban taɓa ɗaga bulala a aji ba. Amma akwai binciken da ya tsaya mini a rai tun da na karanta shi. Victoria Talwar da Kang Lee sun buga shi a 2011, kuma a wata ƙasa ta Afirka ta Yamma aka yi shi, a makarantu biyu, ɗaya ana duka a kan kowane kuskure, ɗaya ba a yi. Aka ajiye abin wasa a bayan yara 'yan shekara uku da huɗu, aka ce kada su waiwaya, babban ya fita. Yawancinsu sun waiwaya a duka makarantun biyu, dukan bai rage leƙen ba. Bambancin ya fito ne da aka tambaye su. A makarantar da ba a duka, kusan rabi ne suka yi ƙarya. A ta bulala kusan dukansu suka musa, kuma sun fi iya riƙe ƙaryar in an bi su da tambayoyi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, haka ne, amma ya kamata mai tanƙwarawa ya duba wane ɓangare iccen ke karkata.

Sannan akwai darasin da muke bayarwa ba mu san muna bayarwa ba. Mai bin bashi ya yi sallama, uba ya ce, "Je ka ce ba na nan." Uwa za ta fita unguwa, ta ce wa mai kuka, "Je ka ɗauko takalminka," kafin ya dawo ta sulale. Lokacin jarrabawar fita sakandare ya zo, uban da ya zane ɗansa a kan naira hamsin shi ne zai biya kuɗin da kowa ya san na mene ne. An ruwaito cewa wata mata ta kira ɗanta a gaban Manzon Allah (SAW) ta ce ya zo ta ba shi wani abu, sai ya tambaye ta me za ta ba shi, ta ce dabino. Ya ce da ba ta ba shi komai ba, da an rubuta mata ƙarya. Ɗan ƙaramin yaro ne fa, irin wanda mu muke ganin yaudararsa ba komai ba ce.

Wannan ya dawo da ni tsakar gidan Adda. Auta ba ta yi kuskure ba, ta faɗi abin da shekarunta suka ba ta, kuma ta faɗi abin da ta gani: wadda ta zubar da yawa ita aka daka, wanda ya saci kaɗan an bar shi da harara. A safiyar nan uwar da kanta hukuncin 'yar shekara biyar ta yanke, ta auna ɓarna ta manta niyya. Ban ga laifinta sosai ba, gero ya yi tsada, ga goyo, ga kasko a wuta. Da na faɗa mata sai ta yi dariya ta ce, "Kai da bokonka. To kokon zai dawo ne?" Na ce ba zai dawo ba.

Da za ni tafi na ga ta kira yarinyar ɗaki. Ban ji duk abin da ta ce ba, na dai ji ƙarshen: "Na san taimako na kika yi niyya. Gobe ki kira Hammanki ku kama tare." Shi kuma Hamman, da uban ya dawo daga kasuwa, aka sa shi ya ɗauki kwanon da hannunsa ya kai, ya faɗi da bakinsa dalilin da ya sa tsoka ta zama biyu maimakon uku. Ya fi minti biyar a tsaye a ƙofar ɗakin da kwano a hannu kafin ya iya yin sallama.